Korin da Ya Cinye Ɗakin Luba

A tashar Tawa, a Nijar, na fara gane cewa sunana ya canza. A Kaura ni ne Lawali Direba, wanda in hanya ta ɓaci ake cewa a nemo shi. A nan kuwa na koma "kai ɗan Najeriya", kuma ba wanda ya faɗe shi da fara'a.

Shekara goma sha biyu na yi ina jan mota tsakanin Kaura, Zurmi da Gurbin Bore. Kwalta ba ita ce abin alfaharina ba, kwalta ko makaho ya bi ta. Abin da na iya shi ne hanyoyin bayan gari: burtali, gefen gona, da cikin gulbi idan rani ya yi. In rage iskar taya, in faɗa yashin gulbin Bunsuru, in fito ta bayan Zurmi, fasinja ko jijjiga bai ji ba. Da 'yan bindiga suka fara tare titi, wannan sanin ne ya ciyar da ni, har ranar da suka shigo ƙauyenmu da kansu. Motar ta ƙone a ƙofar gida. Mu dai mun tsira da rai.

Na bar matata Luba da 'ya'yanmu mata biyu a wani ajin firamare a Kaura, iyali biyar a aji ɗaya, an raba da zannuwa a kan igiya. Kusurwar da ke kusa da allo ita ce tamu, kuma ba da sauƙi muka same ta ba, don kullum wasu na isowa suna kwana a baranda. Da zan taho, Luba ba ta ce in kawo mata atamfa ba. Cewa ta yi, "Baban Nana, ni dai ɗaki mai ƙyaure. Ko ƙanƙane na. In shiga in ruhe." Da wannan maganar na ƙetare iyaka.

A Tawa wani ɗan kamasho ya rantse mini da Allah cewa gidan gaba ya sama mini a motar Agadas. Da motar ta zo, sai ga gidan gaban da mutum uku a ciki, ni kuma aka nuna mini saman buhunan albasa. Na waiga in nemi mai rantsuwa, ko ƙurarsa babu. Na fara faɗa, sai direban ya leƙo ya ce, "In ba ka hawa, koma ƙasarku, can kunka saba da daɗi." Fasinjoji suka kwashe da dariya. Na hau. Rana ta gasa ni daga sama, albasa ta turara ni daga ƙasa, har Abalak. A nan wata tsohuwa da ke zaune a bayana ta miƙo mini dabino biyar a gefen zanenta, ta nuna mini da hannu in naɗe fuskata da hular sanyi ko tsumma. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarenta. Ita kaɗai ce a motar nan ta dube ni ba da ƙyama ba.

A Agadas na nemi Isiya, wani ɗan Shinkafi da aka ba ni lambarsa. Ya rungume ni a bakin tasha har da ƙwalla. "Ɗan'uwa rabin jiki! Ka iso gida. Kawo jikkar ga in aje maka, garin ga ɓarayi sun yi yawa." Jakar kayan aikina ce, sifanu da filaya da jak ƙarami, su kaɗai na ciro daga toka. Bayan kwana uku na ga sifanuna a shimfiɗe a gaban wani mai faci, da alamar jan fenti da na sa musu da hannuna. Na je wa Isiya da maganar. Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Kai ma in ka daɗe za ka koya." Daga ranar bai sake ɗaga wayata ba.

Direbobin tasha kuma suna da wani wasa da suke yi da baƙo. Ka tambaye su inda ake neman direba, sai ɗaya ya gyara zama ya kwatanta maka hanya dalla-dalla, da fuska ta mutumin kirki: ka miƙe, ka wuce masallaci, ka karya dama, ka ce ni na turo ka. Sau biyu na bi kwatancensu da tsakar rana. Na farko ya kai ni mahauta, na biyu ya kai ni juji a bayan gari. Da na dawo ina haki, sai in tarar da su a inuwa suna jirana da dariya. Na yi wa kaina alkawari cewa ba zan sake yarda da kwatancen kowa a ƙasar nan ba. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Wata biyu na yi ina dako da wankin mota. Na yi kewar gida, kewa irin mai hana cin abinci. Taliya da burodi sun ishe ni. Hoce nake so, da tuwon dawa mai zafi, da hayaniyar masu keke a ƙofar kwalejin Kaura wadda da can take ba ni haushi. In na kira Luba, ba ta ƙorafi, sai dai in ji tarin wani tsoho da kukan jaririn wasu a bayan muryarta, kamar a kan tabarmarta suke.

Wata rana wata farar jif ta mutu a gaban mai shayin da nake zama wurinsa. Mutum uku suka taru a kanta suna ta surutu. Tun daga shaƙewar da ta yi na san rairayi ne ya toshe matatar mai. Na ari sifana, na kwance, na hure, na mayar, mota ta tashi. Mai motar, wani dattijo mai ƙiba da ake kira Alhaji Bubakar, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in same shi gida.

Alhaji yana da motoci uku da yake kai baƙi yawon buɗe ido cikin duwatsun Azbin. Ya ce nan da mako biyu yana da manyan baƙi daga Yamai, cikinsu akwai mata da tsofaffi, so suke su ga duwatsu da lambunan dabino su ɗau hoto. "Bara na kai wasu, wata hajiya ta yi ta amai har munka dawo. Hanyar ba kyan gani, sai duwatsu baƙaƙe da girgiza. Ina son hanya mai laushi, mai inuwa, wadda ido za shi ƙoshi. Ka ce kai gwanin hanyar daji na. To ga mota, ga kwana huɗu. In ka samo min, motar ta zama a hannunka, ɗakin can na bakin ƙohwa kuma naka na, ka kawo iyalinka."

Na je na duba ɗakin. Ƙarami ne, amma yana da ƙyauren ƙarfe mai shuɗin fenti, da sakata daga ciki. Na shiga na tura sakatar, na zare, na sake turawa. Sau uku na yi haka, ni kaɗai kamar mahaukaci.

Amma ba ni kaɗai zan tafi ba. Alhaji ya haɗa ni da jagoransa, wani Buzu mai suna Agali, dogo siriri, da baƙin rawani wanda ba ka ganin komai sai idanu. Hanyar duwatsun da Alhaji ke kushewa tasa ce, shekara da shekaru ita yake bi. Daga baya mai gadin Alhaji ya tsegunta mini cewa ƙanin Agali ne ya daɗe yana jiran a ba shi wannan motar. Na miƙa masa hannu, ya taɓa da kan yatsunsa ya janye. Ya ce wa Alhaji, a gabana, "Wanga ko raƙumi bai sani ba." Na ce, "Raƙumi aka ce in tuƙa?" Daga nan muka san inda muka ajiye juna.

Kafin mu tashi ranar Litinin na kira Luba. Na ce ta haɗa kaya, ranar Alhamis ta bi motar kasuwa zuwa Shinkafi, akwai direba abokina da zai ƙetaro da su iyaka zuwa Madawa.

"Baban Nana, ba mu bari sai ka dawo ba?"

"Ni Lawali hanya za ta gagara? Na ga ɗakin da idona. Ƙyauren ƙarhe, shuɗi."

"To kusurwar tamu hwa?"

"Ki ba wanda ya hi mu buƙata. Mun gama da ajin nan."

Ta ce, "Allah shi sa." Na ji haushin sanyin muryarta, na kashe waya.

Ranar farko mun bi hanyar Agali. Alhaji bai yi ƙarya ba. Tsandauri ne shimfiɗe da baƙaƙen duwatsu masu kaifi, ba itace, ba tsuntsu, mota tana kaɗawa har haƙora na haɗuwa. Agali ba ya magana, sai dai ya ɗaga yatsa, dama ko hagu. Wajen azahar taya ta fashe. Na fito na shiga ƙarƙashin mota, ƙasa tana ƙona mini baya. Shi kuwa ya samu inuwar motar ya zauna, ya hura gawayi, ya dafa shayinsa. Kofi uku ya sha a gabana, ɗaya bayan ɗaya, bai ce mini bismilla ba. A ƙasar da ko maƙiyi ake miƙa wa shayi, na san abin da yake gaya mini. Na haɗiye, na ɗaure taya.

Da yamma muka tsaya a wata rijiya. Na yi wa makiyayan da ke wurin sallama, suka amsa a daƙile. Agali ya faɗa musu wani abu da yarensu yana nuna ni da haɓa, suka dube ni suka yi dariya, har da matan. Ban san me ya ce ba har yau, amma na san ba yabo ba ne.

Washegari da hantsi muka gangaro daga tsandaurin, sai na ga abin da nake nema. Wani busasshen gulbi ne ya fito daga tsakanin duwatsu, su a can kori suke ce masa. Faɗinsa ya kai a jera mota shida. Farin yashi ne lumui, a daddaɓe, ba dutse ko ɗaya. Gefe da gefe goriba da bagaruwa da aduwa sun yi layi, kore shar, a ƙasar da na kwana biyu ban ga ganye ba. Kuma ya miƙe arewa, daidai inda lambunan dabinon suke. Bunsuru na gani, Bunsuru na rani, sai dai wannan ya fi namu kyau. Na karya sitiyari.

Agali ya ɗora hannu a kan giya. Karo na farko ke nan da ya taɓa wani abu nawa.

"Ba a shiga kori wanga wata."

"Don mi?"

"Ruwa."

Na fito daga mota na dubi gabas. Duk ɗan ƙasarmu haka zai yi. A wurinmu ruwa ba ya zuwa sai da sallama: gabas ta yi duhu, iska ta taso, kaji su shige akurki, sannan a fara yayyafi. Gulbi ma ba ya cika kwatsam, a hankali yake tasowa, har mata su kwashe wankinsu. Gabas a ranar garau take, ko ɗigon girgije babu. Na tona yashin da hannu har gwiwar hannu, busasshe ƙamas. Wata biyu ina Agadas, yayyafi ɗaya na gani.

Na yi dariya. Na ce, "Agali, ni manomi na, ɗan manomi. Tun ina goye nike karanta hadari. Ina ruwan ya ke?"

Ya nuna arewa, can nesa inda duwatsun suka yi dishi-dishi. Ban ga komai ba sai shuɗin dutse.

"Hanyar lahiya," in ji shi, "a bi ta da shekara."

Abin da ya ƙara tunzura ni ke nan, Buzu ya jefe ni da karin maganar harshen uwata. Nan take mahautar nan da jujin nan suka faɗo mini a rai, da fuskar mutanen kirki da direbobin tasha ke sakawa in za su tura ni rana. Na ce a raina, ga na uku. So yake in koma wa Alhaji hannu rabbana, ƙaninsa ya karɓi mota, ni in koma dako, Luba ta tsufa a bayan zane. Na ce masa, "Na gane. Kun saba kwatanta wa baƙo hanyar juji. Wanga karon ba ni zuwa."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Bai yi musu ba, bai yi bayani ba, kuma wannan laifinsa ne da har gobe ban yafe ba. Ya buɗe ƙofa, ya ɗauki salkar ruwansa da butar shayi, ya hau gaɓa ya fara tafiya a ƙasa. Na rage iskar tayoyi, na shiga.

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa bin hanya mai daɗin wannan ba. Mota tana tafiya kamar a kan katifa. Inuwa ta rufe ni, iska mai sanyi na shigowa ta taga. Na ga barewa biyu sun tsallaka, na ga wasu tsuntsaye masu jan ciki. A hankali gaɓar ta riƙa tashi har ta zama bangon dutse, ja da ruwan ƙasa, wani wurin da zanen raƙuman dawa na mutanen da. Ina tafe ina tsayawa ina ɗaukar hoto don Alhaji, ina hango hajiyoyin Yamai suna salati don daɗi. Can sama ina ganin Agali yana biye da ni, ɗan baƙin abu a kan dutse, na ce wahalalle.

Akwai abubuwan da na gani ban karanta ba. Duk kyan inuwar nan, ba bukka ko ɗaya, ba akuya, ba sawun taya. A rassan bagaruwa kuma, sama da tsayina in na ɗaga hannu, akwai tarin busasshiyar ciyawa da ƙirare a maƙale, duk sun karkata gefe ɗaya. Na ɗauka sheƙar tsuntsaye ce. Har hotonsu na ɗauka.

Da azahar ta yi na tsaya a ƙarƙashin wata goriba na yi taimama. Ina zaman tahiya na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na ruwan farko. Na sallame na dubi sama, rana tsaka. Sai wata iska mai sanyi ta bi ta ƙafafuna, ta ƙasa-ƙasa. Sannan na ji ƙara, kamar tirela ta taso daga nesa a kan titin Gusau. Sannan muryar Agali daga sama, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba: "Hau! Bar mota! Hau!"

Gaɓar tana kusa, taku goma, da wurin hawa. Motar tana taku ashirin. Motar na nufa. Ba ƙarfe nake gani ba a lokacin, shuɗin ƙyauren nan nake gani. Na tayar da ita, na murɗa sitiyari in juya, na taka totur da ƙarfi, abin da da wani ne ya yi a gabana sai na zage shi. Tayoyin baya suka haƙa rami suka zauna.

Ruwan ya ɓullo daga kwanar dutse. Ba tasowa ya yi ba, tafe yake a tsaye, ja jawur, da kumfa da kututture da mushen akuya a gabansa. Ya doki motar ta gefe, na ji ta ɗaga. Na fita ta taga na haye rufin. Ta fara juyawa da ni a hankali, tana tafiya, ruwa na shiga ta tagogi. Na yi kalmar shahada. Na kira sunan Nana, ban san dalili ba.

Wani baƙin abu ya faɗo mini a kafaɗa, ya zame. Ya sake faɗowa. Rawani ne. Agali ya warware rawaninsa, ya ɗaure gefe ɗaya a saiwar bagaruwa, ya ƙulla dutse a ɗaya gefen yana jefo mini. A karo na uku na cafke, na naɗe a hannu, motar ta fice daga ƙarƙashina. Ruwan ya maka ni da bango, ya cire mini takalma, ya tafi da wayata. Yadda tsohon nan ya jawo ni sama, Allah kaɗai ya sani.

Na kwanta a kan dutse ina aman laka. Da na ɗago, na ga fuskarsa a karon farko. Tsoho ne fiye da yadda na zata, kumatu sun lotsa, haƙoran gaba babu. Ya ga ina kallonsa, sai ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, ya juya baya yana naɗa jiƙaƙƙen rawanin. A wurinsu namiji ba ya buɗe baki gaban baƙo. Can ƙasa na hango tayoyin jif biyu a sama, sannan ban ƙara ganin komai ba. Na dubi gabas. Har lokacin garau take. Ashe can arewa, kan duwatsun da ya nuna mini, aka yi ruwan.

Na ce, "Agali, Allah shi saka..."

"Ba don kai ba," in ji shi. "In ka mutu, cewa za a yi Buzu ya kashe baƙo don mota."

A ƙasa muka tafi, shi a gaba ni a baya, ba takalmi, a kan baƙaƙen duwatsun da na raina. In ƙishi ya kai mini iya wuya sai ya tsaya ya miƙo salka ba tare da ya dube ni ba, in na yi kurɓa biyu ya fizge. Muka kwana a hanya. Washegari wajen la'asar muka isa wani zango na bukkoki huɗu. Mazan suka ji labari, ɗaya ya tofar da yawu a gefen ƙafata, wani ya buga yatsa a goshinsa. Amma wata tsohuwa ta kama hannuna ta zaunar da ni, ta wanke mini ƙafafu, ta shafa man shanu, ta yage gefen zanenta ta ɗaure. Ta ba ni nonon akuya a ƙwarya. Ta tambayi wani abu, ta maimaita, sai da ta daka wa Agali tsawa sannan ya fassara. "Cewa ta yi, uwarka na da rai?" Na ce ta rasu. Ta ɗora hannu a kaina. Kukan da ban yi a cikin ruwa ba, a nan na yi shi, gaban mazan da ke dariya.

Wata motar masu haƙar zinare ce ta kwaso mu, muka shiga Agadas ranar Alhamis da azahar. Alhaji yana zaune a zaure. Ya ga mun shigo a ƙasa, ya leƙa bayanmu, ya sake leƙawa. Na gaya masa. Bai yi ihu ba, gara ma da ya yi.

"Wa ya zaɓi kori?"

Agali ya yi shiru. Na daɗe ina tunanin wannan shirun, ko mutunci ne ko raini. Na ce, "Ni na. Ya hana ni."

"Ya hana ka," in ji Alhaji, ya juya ga Agali. "Shekara nawa kana cin abincina, ka bar baƙon jiya ya shiga kori da motata cikin damina? Ba ka da hannun zare makulli?" Ya nuna mana ƙofa mu duka biyu. Ni ya ce kada rana ta sake fitowa ta same ni a garin, in ba haka ba zai kai ni inda ba na so.

A waje na ce wa Agali ya yafe mini. Ya gyara salkarsa a kafaɗa. "Bakin mutum tara ke jirana," ya ce. "Ka zo ƙasar mutane da idon ƙasarku." Ya wuce. Ban sake ganinsa ba. Da zan fita na bi ta gaban ɗakin. Ƙyauren a buɗe yake, mai gadi yana zuba buhunan dusa a ciki.

Na ja ƙafa zuwa wurin mai shayina, na roƙi aron waya. Lambar Luba kaɗai na haddace. Bugu ɗaya ta ɗauka, na ji hayaniyar kasuwar Shinkafi a bayanta, kukan shanu da hon ɗin babura.

"Baban Nana! Tun hantsi munka iso, muna tasha bisa kayanmu. Ina ta kiran wayarka ba ta shiga. Ga Nana, ta hana ni sakat."

Kafin in ce wani abu muryar yarinyar ta shigo. "Baba, Inna ta ce ni za ni riƙa tura sakata. Ko ba ni na babba ba?" Na ce ita ce. Na ce ta ba uwarta.

Na gaya wa Luba komai, ban rage ba. Da na gama, abu ɗaya ta tambaya.

"Kai dai kana lahiya?"

"Lahiya lau."

"To alhamdu lillahi."

"Ku bi motar yamma ku koma Kaura," na ce. "Ku zauna kusurwarmu kahin in ga abin da Allah za shi yi."

"Baban Nana," ta ce, a hankali, ba da faɗa ba. "Kusurwar na ba wata mata daga Zurmi, mai jego ta, kwana shida tana baranda. Kai kac ce in bayar. Har igiyar da zannuwan na bar mata, tunda mu ƙyaure za mu samu."

Mai shayi ya miƙo hannu yana son wayarsa. Na ji ƙaramar tana tambayar yaushe mota za ta tashi. Sai Luba ta ce, "To yanzu ina za mu nuhwa?"

Shekara goma sha biyu ba a taɓa tambayata hanya na rasa ta faɗa ba. Na tsaya a bakin titin Agadas da tsumma a ƙafa, riƙe da wayar mutane, ita tana jira.